Ɗaura kyamara a jikin mota don ɗaukar fim tana tafiya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina haɗa wani gajeren fim a Kano, kuma akwai fitowa biyu ta mota. A ɗaya miji da mata ne suke hira yana tuƙi, a ɗayar kuma ana bin motar daga waje tana gudu. Na gwada riƙe kyamara a hannu daga kujerar baya, na kuma gwada da gimbal, wato mariƙin kyamara mai injin da yake daidaita ta, amma hoton sai ya riƙa karkarwa yana lanƙwashewa. Kyamarata ƙarama ce ta Sony. Me zan saya, a ina zan ɗaura ta, kuma yaya zan sarrafa ta idan tana waje ni ina ciki?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin ka kashe ko sisi, ka raba fitowar nan biyu a ranka, domin ayyuka biyu ne daban, kuma maganin ɗaya shi ne cutar ɗaya. A fitowar hira, so kake kyamara da mota su zama jiki guda. Idan mota ta faɗa rami kyamara ta faɗa tare da ita, fuskokin 'yan wasa su tsaya daram a hoto, titi da gidaje ne kawai suke wucewa ta taga. A fitowar bi kuwa, so kake ka raba kyamara da jijjigar motar da take ɗauke da ita. Ko dai ka ɗaure ta tamau, ko ka sake ta ta yi shawagi. Kai a tsakani ka tsaya: hannunka yana motsinsa, mota tana nata, jarumi yana nasa. Gimbal ɗin ma ƙara dagula lamarin ya yi, saboda aikinsa ya riƙe alƙibla ɗaya. Da zarar mota ta sha kwana, shi yana nan yana kallon inda yake, sai ka ga fuskar jaruma tana zamewa daga hoton.

Lanƙwashewar da ka gani daga sensar kyamarar take, wato ɓangaren cikinta da haske yake sauka a kai ya zama hoto. Mafi yawan kyamarorin da muke aiki da su ba sa ɗaukar hoto gaba ɗaya a lokaci guda, layi-layi suke karanta shi daga sama zuwa ƙasa. Idan kyamara tana ɓari da sauri, kafin a kai layin ƙasa ta riga ta gusa daga inda take lokacin da aka karanta na sama, shi ne za ka ga turken lantarki ya karkace, bango yana rawa kamar farau-farau a ƙwarya. Akwai masu ɗaukar hoton duka a tare, irin su RED Komodo da Sony a9 III, amma ba sai ka mallake su ba. Abu uku za su rage maka ita sosai. Ɗauri mai ƙarfi shi ne babba. Sai ka sa gilashin ND mai rage haske a gaban lens ka sauko da shata, wato tsawon lokacin da kyamara take buɗe wa haske, zuwa 1/50 na daƙiƙa idan kana ɗauka a firem 25, wato hoto 25 a daƙiƙa, domin a ranar Kano kyamara takan gudu ta kai 1/2000, kuma a nan ne kowace 'yar karkarwa take fitowa ƙuru-ƙuru. Na uku, ka kashe mai hana rawar hoto na cikin kyamara da na cikin lens. An yi su ne don rawar hannu, wadda take a hankali. Idan suka haɗu da ɓarin inji sai su yi ta kokawa da shi, su ƙara masa nasu. Ɓarin yana ma iya lalata su: a shekarar 2021 kamfanin Apple ya yi gargaɗi cewa jijjigar injin manyan babura tana iya illata kyamarar iPhone idan an ɗaura wayar a jikin babur.

Yanzu ɗaurin kansa, wanda a nan zan daɗe, saboda a nan ake asarar kaya. Abin da aka fi amfani da shi shi ne kofin tsotsa, faifan roba mai ɗan famfo a jiki. Aikinsa irin na ƙahon wanzami ne: a zuƙe iskar ciki, iskar waje ta danne shi a jikin mota. Iska tana danna kusan kilo ɗaya a kan kowane santimita murabba'i, don haka kofi mai faɗin santimita 15, a lissafin takarda, zai riƙe fiye da kilo 170. Amma masu ƙera shi kusan kilo 30 suke rubutawa, kuma suna da gaskiya, domin ba a taɓa zuƙe iskar duka, sannan nauyin kyamara ja yake yi ta gefe yana murɗawa. Ga kuma rami: kyamara mai kilo 3 idan mota ta daki gargada tana iya fizgar ɗaurin da ninki biyu ko uku na nauyinta. Ka sayi masu famfo da jan layi a jikin famfon. Idan iska ta fara shiga, jan layin zai leƙo, ka ƙara famfo. Masu ɗan marfin da ake dannawa, irin na maƙala waya a gilashi, ba sa faɗa maka komai sai dai ka ji faɗuwa.

Kada ka taɓa dogara da kofi ɗaya. Dubi murhu: dutse ɗaya ba ya riƙe tukunya, biyu ma tana iya kifewa, sai uku. Kofuna biyu a ƙasa suna ɗauke da farantin kyamara, na uku kuma sandarsa ta zo ta kama kyamarar ta sama, wajen da ake sa fitila. Wannan sanda ta ukun ita ce mutane suke mantawa, kuma ita ce take kashe karkarwa, domin kyamarar da aka ɗaure ta ƙasa kawai kanta yana kaɗawa kamar kan dawa a iska. Sanduna su zama gajeru iya yadda zai yiwu. Kowane taƙi da ka ƙara a tsawon sanda, ka ƙara wa jijjiga wurin wasa. Idan lens ɗin mai tsawo ne, shi ma a tallafe shi ta ƙasa.

Wurin mannawa yana da nasa ilimin. Tsakiyar bonet da tsakiyar ƙofa ƙarfe ne marar kauri, danna shi da babban yatsa za ka ji yana loɓawa. Duk ƙarfin ɗaurinka, idan ƙarfen da ke ƙarƙashi yana rawa, kyamara za ta yi rawa. Ka nemi kusa da gefe, kusa da inda ƙarfen ya lanƙwasa, ko kan gilashi, wanda ya fi ko'ina kama kofi. Ka wanke wurin da ruwa, ka goge ya bushe, ka goge robar kofin ita ma. A lokacin hunturu, ƙurar da za ta sauka cikin minti goma ta isa ta buɗe wa iska hanya, don haka gogewa da mannawa a tare ake yi. Ka kuma tambayi mai motar ko an taɓa yi mata gyaran jiki. Motocinmu da yawa an cike musu loɓa an sake fenti, kuma kofi yana iya ɗago fentin ya taho da shi. Fenti marar sheƙi da wurin da aka liƙa sitika ba sa riƙewa. A zafin Afrilu ƙarfen bonet yana yin zafin da hannu ba ya iya jurewa, roba ta yi laushi ta fara zamewa, sai ka riƙa dubawa bayan kowace ɗauka. Idan kuma aiki ya kai ka Jos, ka tuna garin yana sama da teku da kusan mita 1,200, iskar can ta fi ta bakin teku sauƙi da kusan kashi 13 cikin ɗari, ƙarfin kofi ma haka zai ragu.

Bayan kofuna, sai bel ɗin ɗaure kaya mai ƙarfen ɗamewa, irin wanda direbobin manyan motoci suke ɗaure lodi da shi. A ratsa shi ta kan farantin, a maƙala ƙugiyoyinsa a ƙarfen ƙasan mota ko bakin wurin taya, a sa tsumma inda zai goga fenti. Sannan wata igiya daban, gajeriya, daga jikin kyamarar kanta zuwa wani wuri mai ƙarfi a motar. Gajeriya na ce, domin idan ta yi tsawo kyamarar za ta kai ƙasa ko ta shiga ƙarƙashin taya. Na taɓa ganin ranar da kofi ya saki a kan hanya saboda ƙurar da ba a goge ba, igiyar nan ce ta riƙe kyamara tana lilo a jikin ƙofa, ga mai babur a bayanmu da goyon yaro. Tun daga ranar ban ƙara bari mota ta motsa ba sai na taɓa igiyar da hannuna. Idan ka gama ɗauri, ka kama kyamarar ka girgiza da ƙarfi. Motar ce ya kamata ta girgiza, ba kyamarar kaɗai ba.

Don ɗaukar fuska ta gefe, akwai wani faranti da ake rataya shi a bakin tagar ƙofa, ƙafafunsa su dogara a jikin ƙofar ta ƙasa. Na ƙasar waje yana da tsada, amma mai walda mai hankali zai haɗa maka shi idan ka zana masa, a naɗe duk inda zai taɓa mota da roba, a ɗaure shi da bel ta cikin ƙofar. Sai dai ka sani ya ƙara wa motar faɗi da fiye da rabin mita, kuma direba ba zai riƙa tunawa ba. A titin da 'yan adaidaita sahu suke goga jiki da motoci, wannan farantin ba ya shiga.

Idan ta gilashin gaba za ka ɗauka daga kan bonet, abokin gabarka shi ne hoton sama da gizagizai da zai kwanta a gilashin ya rufe fuskoki. Gilashin folaraiza a gaban lens yana cire mafi yawansa, kana juya shi a hankali har fuskokin su fito. Yana cin haske kusan mataki ɗaya da rabi, wato fiye da rabin hasken, wanda da rana ma taimako ne. A gilasan gefe wani lokaci yana fito da wasu tabo masu launi-launi, ka duba a monita kafin ka yarda. Wata dabarar ita ce baƙin yadi a kan firam a saman motar, ya yi wa gilashin rumfa, amma wannan sai a tafiyar hawainiya, domin iska tana mayar da shi tanti. A ganina, ga mai ƙaramin kasafi, hoton da ya fi kyau kuma ya fi aminci shi ne na ciki: kyamara a ɗaure a bayan kujerun gaba, tana kallon gefen fuskar kowannensu da titin da ke gabansu. Ba iska, ba ƙura, sauti ma ya fi tsabta. Abin da ba a yi shi ne ɗaura kyamara a gaban jakar iska. Jakar tana fitowa da gudun da ya kai kusan kilomita 300 a awa, kuma duk abin da ta tarar a gabanta fuskar mutum za ta jefa shi.

Ga maganar da ta fi kyamara muhimmanci, wato wanda yake tuƙi. Jarumin da yake tuna kalamansa, yana kallon matarsa ta fim, ga kyamara ta tare masa rabin gilashi, ba tuƙi yake ba. A gudun kilomita 50 a awa mota tana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. Ya juya ya kalle ta daƙiƙa biyu, ya yi mita 28 ido rufe. Shi ya sa a manyan masana'antu ake ɗora motar a kan wata tirela mai ƙasa-ƙasa a ja ta, ko a sa ƙwararren direba a wata kujera a saman rufin yana tuƙin daga can. Mu abin da ke kusa da mu shi ne janwe. Idan ya ɗaga tayoyin gaba motar za ta ɗan ɗaga kai, sai ka daidaita da karkatar kyamara, ka kuma kauce wa nuna titi kusa. Ka tambayi makanike tukuna, domin mota mai giya otomatik idan aka ja ta tayoyin da inji yake juyawa suna ƙasa, giyar tana iya lalacewa. Ribar ja biyu ce: jarumi ya saki jiki ya yi wasansa, inji kuma a kashe yake, ba ɓari ba ƙara a sauti. Idan fitowar ta dare ce, ba sai motar ta motsa ba ma. A ajiye ta a wuri mai duhu, mutum biyu suna wuce da fitilu ta gefe kamar fitilun titi, wani a baya da fitilu biyu kamar motar da ke biye, wani yana ɗan girgiza motar. An daɗe ana yin haka, kuma mai kallo ba ya ganewa. Idan dole sai jarumi ya tuƙa, to a hanyar da aka tare, a gudun da bai wuce 30 ba, da mota a gaba da mota a baya, kowa da bel a ƙirji.

Game da sarrafawa, sirrin shi ne ka rage abin da zai buƙaci sarrafawa. Duk abin da kyamara take yi da kanta, ka karɓe shi. Haske, ma'aunin launi, fokas, duk ka saita da hannu ka kulle. Idan ka bar mata, kuna shiga inuwar bishiya za ta buɗe, kuna fita ta rufe, fokas kuma ya bar fuska ya kama ƙurar gilashi. 'Yan wasa a zaune suke, nisansu da kyamara ba ya canjawa, don haka ka rage buɗewar lens zuwa f/5.6 ko f/8, ka saita fokas, ka liƙe zoben da salatif. Ka zaɓi miƙaƙƙiyar hanya, saboda kowace kwana tana sauya inda rana take, kuma edita ne zai sha wahala idan a jimla ɗaya rana tana dama a ta biyu tana hagu.

Don ganin hoton, wayar kebul ta fi aminci. A ja ta daga kyamara ta taga zuwa monita, a liƙe ta a jikin mota kowane taƙi biyu don kada iska ta riƙa kaɗa ta. Ƙaramin bakin HDMI na irin kyamararka, wato inda ake soka wayar, ba ya jure fizga, ka saya masa mariƙi, ka kuma bar ɗan lanƙwasa a wayar kusa da bakin. Darakta ya kwanta a kujerar baya da monita da abin sauraro a kunne. Idan a wata motar zai zauna, sai na'urar tura hoto ta iska, irin su Hollyland ko Teradek. Manhajar waya ta Wi-Fi tana da amfani wajen danna ɗauka da duba tsayuwar hoto kafin a tashi, amma tana jinkiri tana kuma yankewa, kada ka jingina aikin yini a kanta. Sau da yawa abin da nake yi ya fi haka sauƙi: babban kati, cikakken batir, a danna ɗauka, a tafa hannu a gaban lens don haɗa sauti, a tafi. Sai dai baƙar kyamara a kan bonet a rana tana iya zafi ta kashe kanta, don haka a rufa mata farin ƙyalle idan an tsaya, a kuma kashe ta tsakanin ɗauka. Kowace mota da oba-oba, kuma murya ɗaya ce take ba direbobi umarni. Kalmar tsayawa kuwa, kowa yana da ikon faɗinta.

Fitowar bi ita ce wurin gimbal ɗinka. Ka gane iyakarsa: yana gyara juyawa ta fuska uku, amma ba ya gyara sama da ƙasa, kuma ƙaramin ɓarin inji yana ratsa shi ya wuce. Yana buƙatar gammo, kamar mai ɗauke da tulu. Gammon da ya fi arha shi ne jikinka. Ka zauna a bayan Hilux ko a but ɗin Sienna a buɗe, gwiwar hannu a sake, kada ka jingina ta da ƙarfen mota. Ka ɗaure kanka da bel na hawa sama a jikin motar, kyamara ma da tata igiyar. Idan but a buɗe yake, hayaƙin salansa yana komowa ciki, ka buɗe tagogin gaba, kada kuma a daɗe. In a jikin mota za ka ɗaura gimbal ɗin, dole a sa masa gammo na gaske tsakaninsa da ɗaurin: faranti biyu da aka haɗa da lanƙwasassun wayoyin ƙarfe, in da hali da hannu mai sifirin, kamar na Tilta Hydra Alien. Gammon yana aiki ne idan ya dace da nauyin da ke kansa, wanda aka yi don kilo 10 ba zai ji kyamara mai kilo 2 ba. Ka daidaita gimbal sosai kafin ka kunna, ka cire duk wani abin da zai kama iska, domin ƙarfin iska ninki huɗu yake yi idan gudu ya ninka sau biyu. Gimbal ɗin da ya natsu a 40 yana iya sakin kai a 80. Ƙarshen wannan fanni shi ne dogon hannun nan da ake ɗorawa a rufin mota yana zagaye ta, wanda kamfanin Filmotechnic na Anatoliy Kokush, ɗan Yukiren, ya ƙera. An daɗe ana kiransa hannun Rasha, a 2022 aka mayar da sunansa U-Crane. A cikin motar akwai direba, mai juya hannun, mai juya kyamara da mai fokas, kowa da aikinsa guda. Darasin da za ka ɗauka daga gare su ke nan ko da Hilux kake: mai tuƙi ba ya kallon monita.

Gudu kuwa a ido ake ƙirƙirarsa. Sauko da kyamara kusa da kwalta, sa lens mai faɗi, ka zaɓi hanya mai bishiyoyi ko katanga kusa da titi, sai gudun 40 ya zama kamar 80. Dogon lens yana ninka kowace girgiza, ka bar shi a jaka. Idan babu mutane a hoton, ɗauka a firem 22 a kunna a 25 yana ƙara sauri ba tare da an lura ba. Motocin biyu su amince da gudu ɗaya da tazara ɗaya, su gwada a hankali sau biyu ko uku, a kuma yanke tun farko wa zai kauce ta ina idan wani abu ya shigo hanya. Ka taka hanyar da ƙafa kafin ranar, ka san ramukanta da inda yara da dabbobi suke tsallakawa. Ka nemi izini a rubuce daga 'yan sanda da KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano, ban da takardunka na Hukumar Tace Fina-finai. Sassafe ya fi, titi ba cunkoso, haske kuma mai taushi.

Abin saye, bi da bi: kofuna uku masu famfo da sandunansu da faranti, bel biyu na ɗaure kaya, igiyar tsaro, gilashin ND da folaraiza, mariƙin HDMI da doguwar waya, sai oba-oba guda biyu. Na'urar tura hoto da gammon gimbal ka karɓi haya ranar da kake buƙata. Idan kayan sun iso, kada kyamara ta fara hawa. Ɗaura bulo ko jakar yashi mai nauyinta, ka bi hanyar da za ku yi aikin sau uku, kana tsayawa kana duba jan layi da kowace ƙusa. Sannan ka ɗora kyamarar ka ɗauki minti biyu a gudun 20, biyu a 30, biyu a 40, ka kalla a babban allo, domin ƙaramin allon kyamara yana ɓoye karkarwa. Idan har yanzu tana nan, ka fara da gajarta sanduna da matsar da kofuna kusa da gefen ƙarfe, ka sake gwadawa.